Wa Ke Ci Tare da Hure?

Tun ranar da aka kawo Hure gidana tana amarya, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Na rubuta wannan magana na goge, na sake rubutawa, domin ko ni da abin ya faru a kaina, idan na karanta sai in ji kamar ƙage ne. Mun haifi 'ya'ya tare, mun aurar da su, mun kai ɗaya makwancinsa a maƙabartar da ke hanyar gulbi. Ina iya fitar da tarinta a cikin tarin mata goma. Amma da za a tsayar da ni a tambaye ni ko ƙanzo take so ko tsakiyar tukunya, da sai dai in dubi ƙasa.

Na san wannan zaure naku ne, 'yan mata, da labaranku na samari da saƙonnin waya. Ku yi haƙuri da ganin furfura a tsakaninku. Sunana Lirwanu, a kasuwar Gummi kuwa Maiturare ake ce mini, don turare nake sayarwa tun kafin gemuna ya haɗe. Nawa labarin ma na soyayya ne, sai dai ya makara a hanya.

A layinmu, idan aka sallame Magariba, kowane magidanci yakan ɗauko kwanon tuwonsa ya fito da shi gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan Alhaji Lauwali. A shimfiɗa tabarma, a haɗa kwanuka a tsakiya, a ci tare. Ciyayya ke nan, haka muka tarar da iyayenmu suna yi a gindin wata bishiyar da ta riga wannan. Ba a fashi sai da ciwo ko tafiya, kuma wanda ya zauna cikin gida da lafiyarsa, washegari zai ji sunan da aka raɗa masa. Hure takan ajiye mini kwanona a bakin zaure, a rufe da faifai, ta yi gyaran murya ta koma ciki. Ni kuma in ɗauka in fita. Ban taɓa waiwayawa ba, don a lokacin ban ga abin waiwaye ba. Gidan cike yake. Inna, mahaifiyata, tana da rai, ita da Hure suke ci a ƙofar ɗakinta. Bayan rasuwarta ga yara, ana faɗa a kan nama, ana kiran Hure ta raba gardama.

Sai gidan ya fara zubewa da kaɗan-kaɗan. Babban ɗanmu ya bi masu aikin zinare zuwa Abare, sai dai waya. Rahina, mai bi masa, aure ya kai ta Anka. Auta kuma, Basma, bara bayan an yanke shinkafa aka kai ta Bukkuyum. Ranar da motar amarya ta tashi, guɗar mata ba ta gama barin kunnena ba, na ɗauki kwanona a bakin zaure kamar kullum, na fita.

Farkon makon jiya, ina rufe shago, saƙon Rahina ya shigo wayata.

"Baba ina wuni. Don Allah ka saurari wanga har ƙarshe. Kar ka ce sai anjima."

Bidiyo ne. Wata likita ce mai farin gilashi, tana zaune a ofis tana magana da Hausar rediyo. Ta ce masu bincike a ƙasashe daban-daban sun bi rayuwar dattawa, suka lura cewa mutumin da ke cin abinci shi kaɗai yakan rage ci ba tare da ya sani ba. Yakan daina damuwa da abin da zai sa a tukunya, yakan tashi daga kan kwano da wuri, kuma ƙunci ya fi saurin samun ƙofa a zuciyarsa. Wanda kuwa ke ci cikin mutane yakan daɗe a zaune, hira ta ja shi, hannunsa ya riƙa komawa. Ta ce ba magani ba ne da ake sha sau ɗaya, ɗabi'a ce ta kullum, shi ya sa ba a ganin aikinta sai an daɗe.

Ku dubi wautar namiji. Na saurara har ƙarshe kamar yadda ta roƙa, sai na ji kaina ya yi girma. Na rubuta mata: "Na ji. Mu ai mun daɗe muna yi. Allah shi yi maki albarka." Na sa wayar a aljihu, da Magariba na kunna wa mutanen ciyayya.

Mukhtar ne ya fara magana. Abokina ne tun muna jefa ƙugiya a gulbi da gajeren wando, manomin shinkafa ne a fadama, kuma bakinsa ba ya ajiye magana ta kwana.

"To, kun ji," in ji shi, yana suɗe yatsa. "Masu ilimi sun sha wahala, sun zagaya duniya, sunka gano darbejiyar Alhaji Lauwali. Da nan sunka hwaro, da mun hwaɗa masu, mu haɗa masu da miyar sure."

"Kai ba ciyayya ta raya ka ba," in ji Alhaji Lauwali. "Kwanon mutane ya raya ka. Naka kullum na nan awa ba a taɓa ba, hannunka cikin na Maiturare."

"Mi za ni yi, Alhaji? Tuwon gidan Maiturare ko maras lahiya ya gani sai ya tashi zaune. Kuma bana ƙaruwa ya yi. Da malmala ukku ce, yanzu huɗu, har da kan kihi. Maiturare, amarci kunka koma ba mu da labari?"

Aka yi dariya, na taya su. Sai dariyar ta yanke mini. Na dubi kwanon. Gaskiya Mukhtar ya faɗa. A duk tsawon zamanmu, kan kifi bai taɓa fitowa waje ba, kuma ban taɓa tambayar inda yake tsayawa ba. Tukunyar ba ta ƙaru ba, ni ne nake auno shinkafar. To, wannan malmala ta huɗu, rabon wa muke ci?

Na ciro wayar don in ɓoye fuskata a cikinta. Amsar Rahina tana nan tana jirana.

"Baba, ba kai nake nufi ba."

Bayan Isha na shiga gida da kwanon a hannu, fes kamar an wanke. Hure tana zaune a kan sallaya a ƙarƙashin rumfa, carbi a hannunta, ta yafa mayafinta mai ruwan toka. Na tsaya ina kallon tsakar gidan kamar baƙo. Ga turmi a kife, ga igiyar shanya da zane ɗaya tak a kanta, ga tabarmar yara a naɗe an jingine ta a bango, gizo-gizo har ya yi mata saƙa.

"Kin ci abinci?"

Ta ɗago da mamaki, don ba tambayata ba ce.

"Na ci, Malam."

"Mi kinka ci?"

Ta ja carbi ɗaya, biyu.

"Na sha ruwan zahi."

Da ta miƙo hannu ta karɓi kwanon, awarwaron azurfar da na sayo mata shekarar da aka haifi Rahina ya zame, ya gangara har gwiwar hannu. Da can sai da sabulu take cire shi.

Washegari ban yi ciniki da hankalina ba. Shagona ƙarami ne, idan rana ta karkata haske yakan shigo ta ƙofa ya bi ta cikin kwalabe, bango ya cika da ruwan zuma da kore da ja, suna rawa a hankali. A irin wannan lokaci, idan ba mai saye, nakan bar ƙamshi ya ɗauke ni. Ran nan gulbi ya kai ni. Na ga damina ta ja baya, ruwa ya kwanta, fadama ta yi kore har inda ido ya gaji. Na ga kaina saurayi a cikin kwalekwale, da akwatin turare a kan cinya, za ni cin kasuwa a hayi. A ɗaya bakin jirgin ga wata yarinya da innarta, ta ɗaura atamfa mai zanen ganye, tana shan rake tana kallon balbelu. Iska tana kaɗa bakin ɗankwalinta. Sai ta juyo muka haɗa ido. Nan take ta tura raken cikin mayafi, ta rufe baki da hannu, har muka kai gaci ba ta sake motsa muƙamuƙi ba. Da muka sauka na ga ta jefa guntun a ruwa, ya bi igiyar ruwa yana juyawa.

Wannan kunyar ce ta sa na bi sawunsu har na gano gidansu. Na yi ta ba abokai labarinta da alfahari, ina cewa na sami wadda ko ruwa ba ta sha a gabana. Ban taɓa tunanin cewa abin da na yaba ranar nan, na ci gaba da yabawa da shiruna, zai zama bango tsakanina da ita ba. A sana'armu mun san kwalbar da aka bari murfinta bai zauna daidai ba. Ba ta zuba, ba ta fashe, kullum ka dube ta kamar jiya take. Sai ranar da ka ɗaga ta ka ji ba nauyi.

Na kira Rahina daga nan cikin shago.

"Baba, ka ga saƙona?"

"Na gani."

"Ka yi haƙuri in na yi rashin kunya. Na rasa ta inda za ni hwaro." Na ji kukan jaririnta a bayanta, ta lallashe shi, ta dawo. "Zuwan da na yi watan jiya, na kai Innarmu asibiti, ce maka munka yi barka za mu. An auna ta. Ta rame ƙwarai, jininta ya yi ƙasa. Sun ba ta magani sunka ce sai ta ci abinci za ta sha. Baba, ka duba bayan madubinta, yana nan cikin leda."

"Mi ya sa ba ta hwaɗa mani ba?"

"Ta ce kai ba ka rasa komi ba, kar a tada maka hankali. Na yi magana da maigidana, ya yarda. Ran Asabar za ni zo in taho da ita Anka. Nan ga yara, ko don rikicinsu ta ci."

"Har yaushe?"

"Sai ta murmure."

"In ta saba da can hwa?"

Rahina ta ce sai Asabar, ta yi mini sallama. Ban ga laifinta ba. 'Ya ce ta ga uwarta tana ƙarewa a gidan da ba a rasa hatsi ba. Na riƙe wayar a kunne har bayan ta kashe, ina kallon launuka suna hawa bango. Ku da kuke rubuta cewa ba za ku iya rayuwa babu wane ba, nakan yi murmushi idan na karanta. Ran nan ban yi ba. Na gwada hango gidan babu gyaran muryar nan ta bakin zaure, sai na ga ba gida nake hangowa ba, ɗakuna ne kawai da rufi.

Da safe na same ta tana shara, ta sunkuya, tsintsiya tana zana layuka a ƙasa.

"Rahina ta ce za ta zo ta tahi da ke."

"Ta hwaɗa mani."

"Kina son zuwa?"

"Duk yadda kac ce, Malam."

Ta ci gaba da shara har ta kai gindin randa. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce:

"Abin da ni ka tunani, wa za ya yi maka tuwon ciyayya? Kar a ga kwanonka ya ɓace cikin na mutane."

Na ɗauki makullin shago na fita.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta saƙa da warwara. Na ce ko in roƙi matar maƙwabci ta riƙa shigowa suna ci tare. Na ce ko in sa a kawo mana jika ɗaya. Na ce ko in sayo mata kaji da madara in ajiye, in ce likita ya ce. Duk dabarar da na kawo, idan na juya ta, sai in ga abu ɗaya a ƙarƙashinta: ina neman wanda zai zauna a wurin da ni ya kamata in zauna. Kuma kowace Magariba ina ɗaukar kwanon in fita, in ci malmala huɗu tare da mutane, tuwon yana wuce mini kamar ƙasa.

Ranar Juma'a, jajibirin zuwan Rahina, na dawo daga masallaci sararin sama yana da sauran ja a yamma, wajen gulbi. Hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangu. Na shiga zaure, kwanon yana inda yake, faifai a kansa, da ɗuminsa. Na ɗauka. Daga nan ina jin muryar Mukhtar a gindin darbejiya yana ba da labarin wani kada da ya ce ya gani a fadama, ana ƙaryata shi. Ƙofa biyu ce a zauren, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Na daɗe a tsakaninsu har kwanon ya fara ƙona mini tafin hannu.

Sai na juya.

Hure tana zaune a kan kujerar tsugunno kusa da murhu, ta zuba tagumi tana kallon garwashi. Ta sa tsohuwar atamfarta shuɗiya, wadda yanzu take zagaya ta har da saura. Da ta gan ni da kwano ta miƙe da sauri.

"Lahiya, Malam? Wani abu ya hwaɗa ciki?"

"Lahiya lau. Nan za ni ci."

"Nan ina?"

"Nan. Shimhiɗa mani tabarma."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar zaure, kamar tana jiran wani ya shigo ya yi mata bayani. Ta ɗauko tabarmar yaran nan ta kakkaɓe, ta shimfiɗa, ta kawo buta da ruwan sha. Sannan ta juya za ta shige ɗaki.

"Ina za ki? Ɗauko naki."

"Ni na ƙoshi."

"To, ɗauko kwano in raba."

Ta yi wata 'yar dariya, ta rufe baki da bakin mayafi.

"Da tsuhwanmu, Malam? Mi su Mukhtar za su ce?"

"Mukhtar bai taɓa rasa abin cewa ba. Zamna."

Ta zauna a can ƙarshen tabarma, rabin jikinta a ƙasa. Na raba tuwon biyu, na zuba mata miya, na tura kwanon gabanta. Ta wanke hannu, don na ce ta wanke. Ta ɗora yatsu a bakin kwanon. Na yi bisimilla na fara ci, ina satar kallonta. Hannun yana nan inda ta ajiye shi. Na ga idonta ya kawo ruwa.

"Malam, wallahi ba gardama ni kai maka ba. Ba ni iyawa. Ko Inna, Allah shi jiƙan ta, sai da na shekara kahin in ci gabanta."

"Idona ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Idonka ne."

Likitar cikin waya ba ta yi maganar wannan ba. Masu bincikenta ba su zo layinmu ba, ba su san akwai macen da zaman mijinta kusa da ita zai ƙara ɗaure mata hannu ba. Na ji kamar in tashi in mayar da kwanona waje, in bar ta da Asabar da motar Rahina. Wataƙila can ne lafiyarta take. Wataƙila na zo a lokacin da zuwan ba ya gyara komai.

Sai na ɗauki kwanona, na juya a kan tabarmar, na ba ta baya. Na fuskanci bangon rumbu.

"To, ga shi na kau da shi," na ce. "Ni da rumbu za mu yi hira. In kin so ki saurara."

Ban saba ba mace labari ba, na rasa ta inda ake kamawa. Na fara da abin da ya zo bakina: wani saurayi daga Gwashi da ya shigo shagona shekaranjiya, zai je zance karo na farko, ya sa na buɗe masa kwalba bayan kwalba, kowace ya shafa a wani gefe na rigarsa, har ƙudan zuma suka biyo shi daga wurin masu rake. Ina magana ina ci a hankali, ina jan kowace loma. Duhu yana sauka a kan rumbu. Wata iska mai sanyi ta taso daga fadama, ta kawo ƙamshin danyar shinkafa da laka, irin na ranar kwalekwale. A bayana shiru.

Can na ji wani ɗan sauti, ƙaramin gaske. Kwano ne ya gogi tabarma. Sai kuma sautin yatsu a cikin miya. Ban juya ba. Na ci gaba da labarin saurayin Gwashi, ina ƙara masa abin da bai faru ba don kada ya ƙare da wuri. Ban san ko kwano ɗaya zai isa ya juyar da motar gobe ba. Ban ma san ko daidai ne ya juyar da ita ba.

Sai ga takun takalmi a zaure.

"Salamu alaikum. Maiturare, kana ciki? Mun zuba ido, miyar kowa ta huce. Ko an ɗaure ka da zane?"

Sautin bayana ya tsaya cak.

"Tashi, Malam," in ji Hure da raɗa. "Ana kiranka."

Sallama ba a ƙin amsa ta. Na amsa a ƙasan maƙoshi, yadda Allah zai ji, Mukhtar ba zai ji ba. Ya sake yi, ya buga ƙyauren da sanda, ya yi wata magana da ban kama ba, ya yi dariya shi kaɗai. Na ji takunsa yana nisa. Na san sunan da zan tarar gobe a gindin darbejiya, na san har kasuwa zai bi ni.

Na zauna ina kallon bango, labarin ya tsere mini, na manta inda na tsaya. Garwashi ya yi ƙara a murhu. Sai daga bayana, da wata murya da ban taɓa ji ba, muryar mai loma a baki, Hure ta ce:

"To, da zuman sunka biyo shi, sai yay yi yaya?"